Ɗayyabu Mai Zayyana da Saukar da Bai Yi Ba

Matso nan, ɗan'uwa, tabarmar da faɗi. Ajiye takalmanka can, ka miƙe ƙafa, labarin ba na sauri ba ne. In kana bin hanyar Garu a Dutse, na tabbata ka sha wuce wata 'yar rumfa da alluna jingine a gabanta, da wani mutum siriri a duƙe, yatsunsa rine da ja da kore kamar amaryar da aka cire wa lalle. Ɗayyabu ke nan, mai zayyana. Shi ke ƙawata allon da yaro zai riƙe ranar da ya sauke Alƙur'ani. Daga Kiyawa har Buji da wuya ka shiga unguwar da babu allonsa rataye a ɗakin wata uwa. Amma shi kansa bai taɓa riƙe nasa ba, kuma abin da zan ba ka labari ke nan.

A wani ƙauye bayan Kiyawa aka haife shi, gidan malamai kaka da kakanni. Mahaifinsa, Alaramma Malam Idirisu, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba sau ɗaya ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga shi kuma Ɗayyabu ɗan fari, ka san kunyar ɗan fari a wajenmu. Ko sunansa ba ya kamawa. In zai kira shi sai ya ce, "Kai, wannan." Hira kuwa babu ita tsakaninsu, sai dai saƙo ta bakin wani.

Makarantar Malam tana da wata ƙa'ida da kowa ya sani. Ba a yi wa yaro sauka sai Malam ya buɗe Alƙur'ani inda ya ga dama, ya ɗora tsinke a kan kalma, yaro ya karanta daga nan. In ka iya, a yanka rago. In ka kasa, ka koma gindin wuta ka ci gaba da ƙoƙari, ko gemu ya fito maka.

To shi Ɗayyabu, tun ranar da aka fara rubuta masa babbaƙu, baƙaƙen nan ba su taɓa zama wuri ɗaya a idonsa ba. Ka taɓa ɗaga dutse ka ga tururuwa sun watse? Haka allo yake zame masa. Ɗigon da ke sama ya sauko ƙasa, layin farko ya hau kan na biyu, kalmar da ya gane da safe da yamma ta zama baƙuwa. Yana yaro ya ɗauka kowa haka yake gani, sauran dai sun fi shi dauriya ne. Da ya gane shi kaɗai ne, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Amma fa Allah ya ba shi kunne. In aka biya masa darasi sau ɗaya, ya zauna. Ba nasa kaɗai ba, har na maƙwabcinsa a tabarma, har na gardawan da ke tilawa da asuba yana hura musu wuta. Duk abin da ya ratsa kunnensa sai ya sami wurin zama a ƙirjinsa. Saboda haka sai ya koyi dabara. Ya riƙe allo yadda kowa ke riƙewa, ya bi layi da tsinke, bakinsa na fitar da karatu tiryan-tiryan. Da aka kai matakin da yaro ke rubuta allonsa da kansa, ƙaninsa Abdulrauf ne ya riƙa rubuta masa a bayan rumbu, shi kuma ya yi wa Abdulrauf kason nomansa. Shekaru suka tafi a haka. Kafin gashin baki ya yi masa duhu, Alƙur'ani kaf yana kansa. Gardawa suna cewa, "Ɗan Malam kam sai dai a yi masa addu'a." Malam yana ji, ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, amma ranar har tuwo yake ƙarawa.

Ruwan sama ne ya tona asiri. Wata ranar damina hadari ya taso bagatatan, aka kwashi alluna aka jibge a zaure. Da aka ɗauke, kowa ya zari nasa. Ɗayyabu ya zari wani mai kama da nasa, har tsagewar da ke wuyansa iri ɗaya. Ya je gaban Malam ya durƙusa, ya ɗora tsinke, ya fara. Karatu na fita sumul, ko tuntuɓe babu. Sai dai abin da yake faɗa daban, abin da ke kan allon daban.

Malam ya bar shi har ya kai ƙarshe. Sannan ya karɓi tsinken, ya ɗora a tsakiyar allon.

"Karanta nan."

Ɗayyabu ya duba. Baƙaƙe suka fara yawonsu.

"Nan fa?"

Nan ma baƙaƙen suka watse.

Malam ya ajiye tsinken a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, a gaban yara da gardawa, "Ashe aku nake kiwo a gidana."

Da yamma kakarsa Safara'u ta tarar da shi a bayan turken awaki ya haɗa kai da gwiwa. Ka san wasan jika da kaka. Ta zungure shi da sandarta.

"Kai maigida, miji guda da kuka? To ni na fasa auren, a ba ni takardata."

"Ai ko an ba ki ba mai karanta miki, Iya. Mijin naki aku ne."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta zauna kusa da shi. "Aku ya san inda zai tsaya ya ja numfashi? Ni dai in kana karatu har tsikar jikina tashi take. Bar ni da Idi."

Ta yi magana kuwa, amma ita ma abin da ta sani shi ne a nemi magani. Aka yi ta yi masa rubutu yana sha, baƙaƙen da ya kasa karantawa ya shanye su ƙwarya-ƙwarya. Aka sayo zabibi yana ci da sassafe. Da kaka ta yi aka kai shi wajen likitan ido, likita ya ce idonsa garau, har allura zai iya tsinta a rairayi. Wannan magana ita ta ƙarasa shi a wajen Malam. Tunda ido lafiya, kai kuma lafiya, to saura me? Taurin kai da lalaci. Aka mai da saurayi guda cikin ƙananan yara, yana maimaita babbaƙu, bulala na sauka.

Ana cikin haka wani alaramma makaho ya zo baƙunta daga wajen Miga. Malam ya shimfiɗa masa buzunsa na kansa, ya sa aka yanka zakara, ya tara gardawa su ji tilawa. Ɗayyabu na rakuɓe a bakin zaure yana bin makahon a zuci, aya bayan aya, bai kuskure ko ɗaya ba. Da baƙo ya tafi, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ba a kira shi ba.

"Allah ya gafarta Malam, shi ma baƙon nan ba ya ganin baƙi."

"Shi Allah ya karɓi idonsa. Kai kana da naka biyu."

"To da ma ni ma ya karɓi nawa."

Malam ya ɗauki buta ya fita. Washegari Ɗayyabu ya ɗaure kayansa a zanen gado ya nufi Dutse.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Dutse ta cika da ƙura da tifofi da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano suna neman ɗakin haya. Duk mai ƙarfi yana samun abin yi. Ɗayyabu ya shiga ɗaukar bulo a wajen gine-ginen gwamnati. In rana ta take, yakan fake a zauren wani tsohon Bafulatani mai zayyana da ake kira Modibbo. Wata rana yana zaune yana kallon wani allo da Modibbo ya jingine ya bushe, sai hannunsa ya kama zane a ƙasa da kara, ba tare da ya ma lura ba. Modibbo ya leƙo.

"Kai Kaɗo, wa ya koya maka?"

"Ba kowa, Baffa. Gani na yi."

"Gani ka yi! Ni na shekara ina shan ranƙwashi kafin in iya ƙullin nan, kai ka zo da ƙafarka duk siminti ka ce gani ka yi. Goge, sake in gani."

Ya goge ya sake, har ya ƙara wani lanƙwaso da babu shi a allon. Modibbo ya riƙe haɓa ya ce, "To, bulo ya yi rashin ma'aikaci."

Abin mamaki, layukan zayyana ba sa gudu a idonsa. Yana kallon farar takardar da aka manna a allo, sai ya ga zanen duka a kansa, inda ja zai bi, inda kore zai ratsa ta ƙarƙashinsa ya ɓullo can. Ya koyi dama tawada da ƙaro, ya koyi fiƙe alƙalamin gamba, ya koyi zagaye da zare da ƙusa. Wajen da za a rubuta ayoyi kuwa sai ya bar shi fari, mai allo ya kai wa malaminsa ya cike. Kafin Modibbo ya rasu ya bar masa rumfar da kwalaben tawada, ya ce wa mutane, "Kaɗon nan ya wuce ni, amma kada ku gaya masa."

Da lokacin saukar Abdulrauf ya zo, Ɗayyabu ya zauna ya yi allon da bai taɓa yin irinsa ba, ya kai da kansa. Aka yanka rago, aka yi waina, Abdulrauf ya sha rawani yana zagaya dangi. Malam ya karɓi allon ya juya shi, ya sake juyawa. Ɗayyabu na tsaye can baya. Abin da Malam ya ce shi ne, "Hannu mai kyau. Da ma a karatu ya tafi."

Daga ranar Ɗayyabu ya bar tilawa. Ba wai ya yi rantsuwa ba ne, a'a. Da can yana aiki bakinsa na motsi, yanzu sai ya riƙa kunna rediyo. Ya riga ya yarda cewa abin da ke ƙirjinsa ba karatu ba ne, tunda wanda ya fi kowa sani a duniyarsa ya faɗa. Ita kuwa hadda, ka sani, tana son a riƙa kai mata ziyara. Mai iya duba takarda in ya manta sai ya buɗe ya tuna. Shi ba shi da inda zai buɗe. Littafinsa shi ne muryoyin gardawan gidansu, ya kuwa baro su. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, yana zuwa gida da salla ya gaida Malam daga bakin zaure, a amsa masa da "Lafiya lau," shi ke nan.

Sai ga shekarun shari'a. Islamiyyu suka tsiro ko'ina, har matan aure suna fita da jakar littattafai bayan la'asar. Ƙanwarsu Rukayya, autar ɗakinsu, ita ce aka bari ta yi boko, tana koyarwa a firamare da safe, da yamma a Islamiyya. Aka tura su wani kwas na malamai a lokacin hutu. A can wata malama ta yi musu bayanin yaran da hankalinsu ras, idonsu ras, amma baƙaƙe na rikice musu. Ta ce ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne, haka aka halicci kansu, kuma sau da yawa sai ka tarar Allah ya buɗe musu wata ƙofar, ta ji ko ta zane ko ta aikin hannu. Ta ce Turawa na kiransa disleksiya, kuma in aka gane da wuri, aka bi yaro a hankali ta hanyar da kansa ke ɗauka, har karatun takardar yana iyawa. Rukayya ta ce tun malamar ba ta rufe baki ba hawaye ya zubo mata, don Yaya Ɗayyabu kawai take gani.

Ba ta tsaya Dutse ba, ƙauye ta wuce. Ka san 'yar auta, ita kaɗai ke iya zama a gefen buzun Malam. Ta kwashe duka ta gaya masa.

"Ke da bokonki," in ji Malam. "Yanzu daƙiƙanci ma an raɗa masa suna?"

"Baba, daƙiƙi ne zai haddace izu sittin daga bakin ƙofa yana hura wuta?"

"Bai iya duba baƙi ba."

"To ni tambaya nake, ku ne malamai. Mutanen farko da suka karɓi karatun nan, duka da allo suka karɓa? Ba kai ka gaya mana daga baki zuwa kunne aka fara ba?"

Malam ya ce ta tashi ta kawo masa ruwa. Rukayya ta ce da ta dawo ta tarar da shi yana kallon ƙasa, casbaha a hannu amma ba ya ja.

Ya ɗauki watanni yana juya abin. Sai bayan an gama girbin gero ya aiki Abdulrauf Dutse da saƙo: a gaya wa wannan ya zo ranar Alhamis, za a saurare shi, ba tsinke, ba takarda. In ya kawo, za a yanka masa ragonsa kamar kowa.

Ɗayyabu na jin saƙon ya ajiye alƙalami. Matarsa ta ce ranar ya kasa cin abinci, sai murmushi yake shi kaɗai kamar sabon ango. Ya sa aka wanke masa farar riga. Bai tsaya ya gwada kansa ba, ko kuwa tsoron gwadawa ya yi, Allah masani.

Da hantsi suka zauna a zaure su uku, Malam da Abdulrauf da shi. Malam ya gyara murya ya jawo aya daga tsakiyar Baƙara, ya tsaya. Ɗayyabu ya kama. Muryar nan tana nan yadda take, mai sanyi, har Abdulrauf ya lumshe ido. Ya yi aya uku, huɗu, sai ya zame ya faɗa wata sura mai kama da ita. Malam ya dawo da shi. Ya sake tafiya kaɗan, ya tsaya cik. Ya laluba, ya laluba, wayam. Malam ya jawo daga wani wuri. Nan ma haka. Ya sauko ƙasa, ya ƙara saukowa. Sai da aka zo ƙananan surorin da ake salla da su sannan karatu ya miƙe.



"Yaushe rabonka da tilawa?" in ji Malam.

Ɗayyabu bai ɗago ba. Ba kuma da gatse ya faɗa ba, amsa kawai ya bayar. "Tun da na gane ba karatu ba ne, Allah ya gafarta Malam."

Abdulrauf ya ce bai taɓa ganin fuskar mahaifinsu ta yi haka ba. Tsohon ya sa gefen rawani ya rufe idonsa, ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ce, "Cike aka kawo mini haddar nan, ni na tuntsurar." Can kuma ya ce, "Alhamis da Juma'a ba makaranta. Ka riƙa zuwa."

Haka aka yi. Duk Alhamis Ɗayyabu ya rufe rumfa, ya hau ɗan acaɓa zuwa ƙauye. Malam ya biya, shi ya maimaita, daga ƙasa suna hawa, kamar yaron da aka kawo jiya. Wani wajen da an taɓa sai ya dawo a guje, har Malam ya ce, "A hankali mana, ba kora ake ba." Wani wajen kuwa sai an yi ta fama, don kan magidanci ba kan yaro ba ne, akwai kuɗin haya a ciki, akwai zazzaɓin 'ya'ya. Wata rana Malam ya rakiyo shi har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana tambayarsa yadda ake sa kore ya ratsa ƙarƙashin ja bai ɓata shi ba. Ɗayyabu ya tsuguna ya zana masa a ƙasa. Mai babur na ta danna oda, ba wanda ya kula shi.

Sun wuce Yasin da kaɗan tari ya kama Malam a tsakiyar damina. Ya riƙa biyawa a kwance, daga baya muryar ma ta ƙi fita. Bai ga kakar shekarar ba.

Bayan an share makoki, Abdulrauf, wanda makaranta ta dawo hannunsa, ya sami yayansa a rumfa. Ya daɗe yana wasa da murfin kwalbar tawada kafin ya yi magana.

"Yaya, mu ƙarasa mana. Ni zan riƙa biya maka. Ko kuma in ka yarda, ni shaida ne, gardawan da ma shaidu ne, ka taɓa riƙe shi duka. A sa rana kawai a yanka ragon."

Ɗayyabu ya ci gaba da jan layinsa har ya kai ƙarshe, don ba a tsayawa a tsakiyar layi. Sannan ya ce, "Ka fi ni karatu, Malam ƙarami, ban musa ba. Amma ba a bakinka nake son in ji an ce na sauke ba."

"To ai mai bakin ya tafi, Yaya."

"Na sani."

Abdulrauf yakan sake tayar da maganar duk shekara in lokacin saukar ɗalibansa ya matso. Ɗayyabu bai ce a'a ba, bai ce to ba. Yakan dai tambayi yara nawa ne bana, don ya san allunan da zai tanada.

To kai da ka zauna ka ji, in kai ne shi, za ka je ka durƙusa gaban ƙaninka ka karɓi saukar, ko kuwa za ka bar ta a inda kuka tsaya da mahaifinka?